Wata goma sha huɗu ina zaune a benci

Tela ne ni, kuma da wannan ya kamata in fara, domin ba don sana'ar ba da watakila abin bai kai inda ya kai ba. Shagona yana bakin kasuwa a wani gari na kudancin Katsina, keke biyu da yaro ɗaya mai koyo. Mafi yawan masu kawo mini ɗinki mata ne: atamfa, leshi, ankon biki, kayan Zumuntar Mata idan taronsu ya matso. Mai ɗinkin mata kuwa ba shi da mafaka daga awo. Wata takan kawo tsohuwar rigarta a auna da ita, wata kuma sai ka ɗauki tef ka auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu. Shekara da shekaru ina yi, lamba kawai nake gani, in rubuta a littafi in ce ta dawo ran Alhamis.

A Azumin Kirista na 2018, wanda ya fara ran Larabar Toka 14 ga Fabrairu, an kawo mana baƙon mai wa'azi na kwana uku a cocinmu na Katolika. A dare na biyu ya tsaya kan Matiyu 5:28, inda Yesu ya ce duk wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Wa'azi ne mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Amma ran Litinin da na koma shago, wata mata ta zo awo, ina riƙe da tef sai wani hoto marar kyau ya gifta mini a kai, kamar walƙiya. Ban nema ba, ban kuma so ba. Jikina ya yi sanyi. Abin da ya fara zo mini shi ne: shi ke nan, na yi zina.

Don a gane dalilin da walƙiya ɗaya ta girgiza ni haka, sai an san inda na fito. Kakannina Maguzawa ne, mahaifina ne ya fara karɓar baftisma a gidanmu. A ƙauyenmu Fada sai wata-wata yake zuwa, saboda haka katekis ne malaminmu, shi ne alƙalinmu. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma abin da ya iya shi ya koyar, da tsumagiya a gefe. Ya koya mana zunubi iri biyu ne, mai kisa da ƙarami, kuma wanda ya mutu da mai kisa bai tuba ba wuta ce makomarsa. Ya sa mun haddace maganar Manzo Bulus a 1 Korintiyawa 11, cewa wanda ya ci gurasar Ubangiji ya sha ƙoƙonsa ba da cancanta ba, hukunci yake ci wa kansa. Duk gaskiya ne. Abin da ban tuna ya taɓa tsayawa a kai ba shi ne yadda ake gane mai kisan. Na girma da rabin darasi, kuma rabin da ya fi ban tsoro ne ya zauna.

Ran Asabar na tafi ikirari. Ga wanda bai saba ba, ga yadda abin yake. Da yamma akan jeru a benci, kowa ya yi shiru yana bincika zuciyarsa. In layi ya zo kanka ka shiga ka durƙusa bayan labule, ka yi alamar gicciye, ka roƙi Fada ya sa maka albarka don ka yi zunubi, ka faɗi yaushe rabonka da ikirari, sannan ka lissafa. Manyan zunubai dole a faɗi irinsu da yawansu gwargwadon abin da aka tuna. Fada ya yi maka nasiha, ya ba ka aikin tuba, ka karanta addu'ar nadama, ya ɗaga hannu ya kwance ka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Abin da ka faɗa a nan, ko za a yanka shi ba zai fitar ba, dokar Ikilisiya ta ɗaure bakinsa. Na fito da sauƙin zuciya. Kafin in kai gida, tunanin ya dawo.

Daga nan aka shiga zagaye. Duk wanda ya taɓa cewa kansa kada ya tuna wani abu ya san yadda ake ƙarewa: abin ne zai zo ya zauna maka a goshi. Ina tsoron tunanin, tsoron yana kiransa. Ya bar shago ya bi ni coci. Ina duban mawaƙa, ya zo. Ina jan Rosari, ya zo, har da siffofin da ba zan iya rubutawa ba. A farkon Misa, lokacin da muke cewa mun yi zunubi cikin tunani da magana da aiki, kalmar tunani takan soke ni kamar allura. In lokacin karɓar Jikin Kiristi ya yi, mutane su tashi layi-layi, ni in janye ƙafafuna su wuce. Ina ce wa kaina, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ban daina zuwa ikirari ba, a'a, yawa ma na yi masa. Kowace Asabar ina layi, wani makon sau biyu. Da na lura Fadanmu ya fara gane muryata, sai na fara hawa mota zuwa wasu garuruwa, har Zariya na taɓa zuwa da sunan sayen zare. Nakan shiga da takarda a aljihu, na rubuta: Litinin sau bakwai, Talata sau goma sha ɗaya. In na fito sai in ce anya na faɗa daidai? Ko sha biyu ne na ce sha ɗaya? Ke nan na ɓoye, ke nan ikirarin ya lalace, ke nan na ƙara wani zunubin a kan na da. Sai in sake daga farko a wurin wani Fada, in haɗo har da abubuwan ƙuruciya da aka gafarta mini tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Kusan kowannensu ya ce mini in kwantar da hankali, wannan jaraba ce kawai. Ni kuma in ce a raina bai fahimce ni ba, ko dai ban bayyana munin abin yadda yake ba.

A gida ma bai tsaya a zuciyata ba. A cocinmu kowa ya san kowa, kuma magidanci da ya zauna a benci mako bayan mako, mutane suna da fassararsu: ko ya ajiye wata a waje, ko yana shirin ƙara aure. Matata ta haƙura har wajen wata biyar. Wani dare bayan yara sun yi barci ta ce, "Maigida, in akwai wata, gara in ji daga bakinka." Na rantse mata babu. Ta ce to mene ne? Na kasa. Ta yaya zan ce mata babu kowa, amma kuma kowa ce? Na fara tura matan da suka zo awo wurin wata maƙwabciya mai ɗinki, ciniki ya ragu, ni ma na rame. Istar 2018 ta zo ta wuce ina zaune. Kirsimeti ma haka.

A Mako Mai Tsarki na 2019 aka tara Fadoji da dama don jin ikirarin jama'a, kamar yadda aka saba kafin Ista. Na zaɓi wani tsoho da ban sani ba, don dai bai san muryata ba. Na durƙusa na zaro takardata. Ban kai Laraba ba ya tsayar da ni.

"Ɗana, mece ce sana'arka?"

Na ce ɗinki, Fada.

"Yaushe rabonka da ikirari?"

Na ce kwana huɗu.

"Da karɓar Jikin Ubangiji fa?"

Da na faɗa masa, ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce akwai mutane a layi, zai kwance ni yanzu, amma in same shi bayan an tashi, in ina so, mu yi magana a waje. Na same shi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, yana zaune a kujerar roba. Ya ce abin da na faɗa a ciki ya mutu a ciki, in ina so mu tattauna sai in sake buɗe maganar da kaina. Na buɗe. Mun kai isha'i.

Abu na farko da ya yi shi ne cike mini rabin darasin da ya ɓace. Ya ce Katekisim, wato littafin koyarwar Ikilisiya, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya faɗa a sakin layi na 1857 cewa sai abu uku sun haɗu kafin zunubi ya zama mai kisa: abin ya kasance babba, mutum ya san sarai babba ne, kuma ya yarda da shi da gangan. Ɗaya ya faɗi, ba mai kisa ba ne. Ya ce sha'awar zina da aka rungume da gangan babban abu ce, kada wani ya ruɗe ni, doka ta tara cikin Dokoki Goma tana nan daram, kuma zunubin zuciya ma ana kai shi ikirari. Na biyu ma ina da shi, sani kam har ya yi mini yawa. "To na ukun fa? Lokacin da hoton nan ya zo, ka ce masa sannu da zuwa, ko gabanka ne ya faɗi?" Na ce gabana ne ke faɗuwa, Fada, har zufa nake yi. Ya ce, "Wanda ya yi maraba da baƙo ba ya zufa."

Sai ya koma shagona. Ya ce in wata ta shigo ta ajiye yadi a teburina, na ɗinka riga ke nan? Na ce a'a. In idona ya ga yadin yana da kyau, tun kafin in yi shawara? Na ce har yanzu ba a yi komai ba. Ya ce yaushe aiki yake zama nawa? Na ce sai na sa almakashi. Ya ce to haka malaman Ikilisiya tun zamanin Waliyyi Agustin suka rarrabe: akwai zuwan tunani, akwai motsin da jiki kan yi ba da izini ba, akwai kuma yarda. Na farko ba naka ba ne. Na biyu halitta ce, Katekisim ɗin ma ya ce motsin rai shi kansa ba nagari ba ne ba mugu ba ne, sai abin da hankali da nufi suka yi da shi. Almakashi shi ne yarda. Ya ce babban taron shugabannin Ikilisiya da ake kira Majalisar Tarent, a 1546, ta koyar cewa karkatar nan zuwa ga sha'awa tana nan ko bayan baftisma, an bar mana ita don kokawa, kuma ba ta iya cutar da wanda bai amince mata ba. Ya ƙara da cewa ko a ayar Matiyu, Yesu yana maganar mai duba ne don ya yi sha'awa, ba wanda abu ya faɗo wa a ido ba. Shi kansa Ubangiji an jarabce shi a jeji, Shaiɗan ya jera masa abubuwa a gabansa, kuma bai yi zunubi ba.

Na ce, Fada, in kuma na yarda na ɗan daƙiƙa ban sani ba fa? Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce yardar da mai ita bai san ya yi ba, ba cikakkiyar yarda ba ce. Mutum ba ya faɗawa zunubi mai kisa kamar yadda ake taka ƙaya a duhu. In ma an ɗan yi sanyin jiki wajen kawar da kai, iyakarsa ƙaramin zunubi, ƙaramin zunubi kuwa ba ya hana karɓa, karɓar ma tana wanke shi. Abin da doka ta 916 a kundin dokokin Ikilisiya ta ce shi ne wanda ya san yana da babban zunubi kada ya karɓa sai ya yi ikirari. Wanda ya sani. Ba wanda yake tsoro ba.

Ya kira abin da sunansa, waswasi, ya ce ciwo ne da aka daɗe da sani. Ignashiyus na Loyola ya sha shi a Manresa a 1522, yana maimaita ikirari har ya kusa hallaka kansa. Alfonsus Liguori, wanda Ikilisiya ta naɗa majiɓincin masu jin ikirari, ya yi fama da shi. Tereza ƙarama ta Lisiyo ta sha shi tana yarinya. Ban san ko jin sunayen waliyyai ya warkar da ni ba, amma ya rage mini jin cewa ni kaɗai ne ƙazami a duniya. Abin da ya fi shiga ni shi ne da ya ce Paparoma Piyus na Goma, a 1905, ya buɗe ƙofar karɓa kullum ga duk wanda ba shi da zunubi mai kisa a kansa kuma yake da kyakkyawar niyya, saboda an yi zamanin da tsananin tsoro ya kori mutane daga teburin. Sannan ya tuna mini, a hankali, cewa Ikilisiya ta umarci kowane ɗanta ya karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista. "Abin da kake gudu ba laifi ba ne, wanda ka bari kuwa umarni ne. Kada ka mayar da wannan ma sabon abin kuka, tsoro ne ya ɗaure ka. Amma ka gani inda ya kai ka."

Ya kafa mini sharuɗɗa, ya kuma ce nawa ne, ba na kowa ba. Mai sakaci da zunubi akasin wannan ake ba shi. Fada ɗaya zan riƙe, ba yawon garuruwa, kuma ya ce in zaɓi na cocinmu, in gaya masa duk abin da muka yi. Ikirari sau ɗaya a wata. Binciken zuciya kada ya wuce minti biyar, takardar nan kuma in ƙona ta. Abin da aka riga aka gafarta ba a tono shi. Sharaɗin da ya fi mini nauyi shi ne na ƙarshe: muddin ba zan iya dafa Littafi Mai Tsarki in rantse cewa na yarda da gangan ba, to in tashi in karɓa, ko da tunanin yana kaina a cikin layi. In ya zo kuma kada in yi dambe da shi, kada in tsaya ina maimaita addu'a don in goge shi, in ci gaba da taka kekena kawai.

Zan so in ce ran Ista na tashi. Ban tashi ba. Na kai rabin miƙewa, wani abu ya gifta, na koma na zauna, ina jin matata ta sauke numfashi a gefena. Sai Lahadin da ta biyo, 28 ga Afrilu, Lahadin Jinƙan Allah. Na shiga layi ƙafafuna suna rawa, kuma kamar an aiko shi, tunanin ya zo, mafi muni da na taɓa gani. Na ci gaba da tafiya. Mun riga mun faɗi maganar da jarumin nan na Roma ya yi wa Yesu, cewa ban isa ka shiga gidana ba, ban kuma taɓa faɗinta da gaske kamar ranar ba. Fada ya ce, "Jikin Kiristi." Na ce, "Amin." Ban ga haske ba, ban ji daɗi ba. Na koma benci ina jin kamar na yi sata, kuma jin nan ya bi ni har kusan wata biyu kafin ya fara sakina.

Akwai abin da ya faru daga baya wanda ya koya mini fiye da duk bayanin ƙarƙashin darbejiya, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Wani dare, wani ya turo bidiyon banza a zauren WhatsApp na abokan makaranta. Na ga abin da yake tun daga hoton farko. Na duba matata tana barci, na rage sauti, na buɗe. Na kalla har ƙarshe, na sake. A nan babu anya, babu ko. Na san lokacin da almakashi ya shiga, har ƙararsa na ji. Ranar Lahadi na zauna a benci da dalili na gaske, Asabar na je na faɗa cikin jimla biyu, aka kwance ni, washegari na karɓa. Sai na ga ashe wata goma sha huɗun nan duk ban taɓa yin irin wannan ba ko sau ɗaya. Na fita daga zauren kuma.

Maƙwabcina mai sayar da zare Musulmi ne, mun fi shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya. Da na ba shi labarin sama-sama, bai yi mamaki ba. Ya ce su ma sun san waswasi, akwai mai maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, kuma akwai hadisi cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukata suka raya muddin ba a aikata ko an furta ba. Ba mu tsaya auna inda koyarwar ta haɗu da inda ta rabu ba. Ya ce dai da na yi magana tun farko da ban rame haka ba, ya tura mini sauran naman.

Fadanmu, da ya ji cewa nakan koma in duba kwaɗon shago sau huɗu, in kuma auna yadi ɗaya sau biyar kafin in yanka, ya ce in ga likita ma, addu'a ba ta hana asibiti. Na je. Likitan ya ce suna da suna ga wannan a wurinsu, kuma shawararsa ba ta yi nisa da ta tsohon ba: a bar tunanin ya zo ya wuce, kada a biya shi da maimaici. Matata kuwa sai bayan duk wannan na zaunar da ita na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wannan ne ka bar ni ina zargin matan unguwa?"

Tunanin bai ƙaura ba. Yakan leƙo, musamman in na gaji ko Azumi ya zo. Mata sun dawo awo, nakan rubuta lamba in ce ran Alhamis. Tsohon Fadan sau ɗaya na sake ganinsa, wajen shekara guda bayan haka, ya biyo ta kasuwa da farar rigarsa a leda, aljihun ya yage. Bai ambaci komai ba, ni ma ban ambata ba. Na ɗinke masa yana zaune, na ce ba sai ya biya ba. Ya ajiye kuɗin a kan keke, ya ce in duba masa maɓallin wuya ma, ya fara lilo.